Darasi na Tara: Neman Kayan Gyaran Firiji da Yin Odarsu

A gidaje da yawa firiji jari ne. Da shi uwargida ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, musamman da bazara da watan azumi, a cikinsa kuma ake ajiye allurar mai ciwon suga. Ranar da ya daina sanyi ciniki ya tsaya ke nan, sai gaggawa ta shigo. A kira mai gyara, ya leƙa bayan firijin, ya ce "gas ne" ko "injin ya tafi", a ƙirga masa kuɗi ya nufi kasuwa, ya dawo da wani abu a leda wanda mai firijin bai san sunansa ba, balle ya san ko shi ne ya dace. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma bayan sati biyu a koma gidan jiya, ga kuɗi sun tafi.

Darasin yau na mai firiji ne. Za mu ga yadda za ku gane ɓangaren da ya lalace, ku karanto lambobin da ke jikin firijinku, sannan ku nemo kayan da suka yi daidai da lambobin, ko a kasuwar garinku ko ta oda daga nesa. Duk wanda ya iya karanta haruffa da alƙaluma zai iya wannan aiki.

Gargaɗi ɗaya tun yanzu: duk abin da za ku taɓa a bayan firiji, ku fara zare fulogi daga soket. Kashe makunni bai isa ba, don wayarin wasu gidajen a juye aka yi shi. Aikin gas da walda kuwa na mai gyara ne shi kaɗai.

Me ya lalace?

Aikin firiji shi ne kwashe zafi daga ciki ya zubar a waje. Injin da ke ƙasa ta baya, baƙin tulun ƙarfen nan da ake kira kwamfaresa, yana matsa gas ya tura shi cikin bututun da ke bayan firiji ko cikin bangonsa, inda yake hucewa ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta wani siririn bututu ya shiga ciki, ya sake zama iska yana tsotse zafin abin da aka ajiye, ya komo wurin kwamfaresa. Haka yake ta zagayawa a rufe. Ku riƙe wannan da kyau, don zai tsare muku aljihu: gas ɗin firiji ba ya ƙarewa da amfani. In ya ragu, akwai inda ya huje. Mai gyaran da ya ƙara gas bai nemo hujin ya toshe ba, zai sake dawowa ƙara gas, ku kuma ku sake biya. Hujin da aka saba gani a ƙananan firiji ma aikin mutanen gida ne: a ɗauki wuƙa ana ɓanɓarar ƙanƙara, tsinin ya shiga jikin alminiyon, sai a ji iska na fita.

Idan kun buɗe ƙofa ba haske, inji kuma shiru, ku fara da soket da fulogi da waya. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana da fis a cikinsa, ɓera kuma na son wayar bayan firiji. Idan ƙwan fitila na kamawa amma inji bai motsa ba sam, a zargi tamostat, na'urar da ke bayan maɓallin nan da ake murzawa, wadda ke kunna inji in ciki ya ɗumama, ta kashe shi in sanyi ya kai. Idan sanyi na zuwa amma ƙanƙara na taruwa fiye da kima, bakin ƙofa na gumi, a duba robar ƙofa. Ku maƙale takardar kuɗi a bakin ƙofar ku rufe, ku ja. In ta zare ba turjiya, robar ta saki a wurin. Ku gwada sama da ƙasa da gefe biyu. A firijin da ba ya tara ƙanƙara, mai fanka a ciki, idan sama na daskarewa ƙasa kuma ba sanyi, to ko fankar ta tsaya, ko ƙanƙara ta toshe hanyar iska saboda hita ko taimar da ke narkar da ita ta mutu.

Akwai alama ɗaya da za mu tsaya a kanta, don tana cin kuɗin mutane a banza. Inji ya yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, sai a ji "ƙas", ya yi shiru. Bayan minti biyu ko uku ya sake gurnani, ya sake "ƙas". Da yawa daga nan suke yanke hukuncin cewa kwamfaresa ta ƙone. To, a gefen kwamfaresa akwai wani ɗan baƙin murfin roba, a ƙarƙashinsa akwai ƙananan abubuwa biyu. Ɗaya rile ne, shi ke ba inji turin farko ya tashi. Ɗayan obalod ne, shi ke yanke wuta in inji ya ja fiye da kima ko ya yi zafi, kuma "ƙas" ɗin nan ƙararsa ce. In rile ya mutu, inji zai yi ta yunƙuri ya kasa tashi, obalod ya yi ta yanke shi, alhali injin lafiyarsa lau. Irin rilen da ya fi yawa yanzu yana da ɗan faifai a ciki kamar kwabo. In faifan ya fashe, kuka girgiza rilen kusa da kunne za ku ji ɓarɓashi na kaɗawa, wani lokaci har da ƙauri. Kuɗin rile da obalod bai ko kama ƙafar na kwamfaresa ba. Raunin wuta ma na kawo wannan alama: in wutar unguwa ta zo ba ƙarfi, ko janareta ya yi wa firijin kaɗan, inji ba zai iya tashi ba. Don haka a auna wuta, a gwada sabon rile, kafin a tayar da maganar inji.

In mai gyara ya dage cewa inji ne, ku ce ya auna a gabanku. Kwamfaresa na da ƙusoshi uku a gefe, ana kiran su C da S da R. Da mita ake auna turjiyar wayar da ke tsakaninsu. Abin da aka samu tsakanin C da S, in aka haɗa da na tsakanin C da R, ya kamata ya ba da na tsakanin S da R: misali 20 da 12 su ba da 32. Kuma bai kamata mita ta nuna haɗi tsakanin wata ƙusa da jikin tulun ba. Wannan awo lafiyar naɗin wayar ciki kawai yake nunawa, domin inji kan cije ko ya rasa ƙarfin matsa gas ko da awon ya fita daidai. Amma mai gyaran da ya zo ba mita, ya ce shi da kunne yake ganewa, ni dai ba zan miƙa masa kuɗin kwamfaresa ba.

Sitikar bayani

Kowane firiji yana fitowa daga masana'anta da sitikar bayani. Yawanci tana ciki, a bangon gefe kusa da akwatin kayan miya na ƙasa, sai an zaro akwatin ake ganin ta. A firiza mai murfi a sama kuwa tana baya ko a gefe. Ku goge ta da tsumma mai laima, kada ku kankare, ku haska tocila, ku ɗauki hoto da waya, sannan ku kwafe a littafi. Ku yi haka yau, tun firijin na da lafiya, don sitika na goguwa da shekaru.

Lamba biyu ne ke rikita mutane. Wadda ke gaban kalmar MODEL ita ce lambar samfuri. Duk firijin da aka ƙera iri ɗaya ita suke ɗauke da ita, kuma da ita ake neman kayan gyara. Wadda ke gaban SERIAL ko S/N ta firijinku ce shi kaɗai, wajen garanti ake neman ta. A kwafi lambar samfuri har ƙarshe, da 'yan haruffan da ke bayan karan tsaye ko ɗigo, domin kamfani kan canja fanka ko fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa firijin, ana tsakiyar ƙira, ya bar farkon lambar yadda yake, wutsiyar kaɗai ke nuna bambanci. A kula da haruffan da ke kama da alƙaluma: O da 0, I da 1, S da 5, B da 8. Saboda su ne tura hoto ya fi karanta lamba ta waya.

Firiji ɗan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga Turai, yana da nasa salon. A jikin Bosch da Siemens ku nemi E-Nr. da FD. A jikin AEG da Electrolux da Zanussi ku nemi PNC. Waɗannan su ne lambobin da dillalan kayansu ke tambaya, sun fi sunan da aka rubuta a ƙofa amfani.

Bayan lambar samfuri akwai layi uku da ba a tsallakewa.

Na farko gas. Za ku ga R12 ko R134a ko R600a, a gefensa kuma nauyinsa da giram. R12 tsohon gas ne da aka daina ƙerawa a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana lalata shimfiɗar ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa. Wa'adin ƙasashe masu tasowa ya cika a 2010. Firijin Turai mai R12 akasari an ƙera shi kafin tsakiyar shekarun 1990, ku lissafa shekarunsa da kanku. R134a ne ya gaje shi. R600a kuwa ya shiga kasuwa daga Jamus a 1993, yanzu shi ke cikin yawancin sababbin firiji na gida. Yana kama wuta, don haka ba a yi masa aiki kusa da murhu ko sigari, kuma ɗan kaɗan ake zubawa, sau da yawa bai kai giram 100 ba, sai da sikeli. Kowane gas da irin kwamfaresarsa, har man da ke cikin ta R134a daban yake da na sauran biyun. Ba a zuba wannan a mazaunin wancan. Wanda ya ce zai ɗura muku gas ɗin girki don araha, ku sallame shi. Jabun gas ma haɗari ne na gaske: a 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, aka rasa rayuka, bincike ya gano jabun R134a ne da aka cakuɗa da wani sinadari mai suna R40.

Na biyu wuta. Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna kan 220V zuwa 240V, 50Hz. Amurka tana kan 120V, 60Hz. Wannan ya shafi mai oda ta intanet ƙwarai, don fanka ko rile ko hita na iya zama iri ɗaya sak a hoto alhali na Amurka ne. A jona shi a wutarmu ya ƙone nan take.

Na uku ajin yanayi, ana rubuta shi CLIMATE CLASS ko KLASSE. Ajin huɗu ne: SN na ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 32, N 16 zuwa 32, ST 16 zuwa 38, T kuma 16 zuwa 43. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin watan Afrilu na wuce digiri 40. Firiji mai ajin N an ƙera shi ne don ɗakin Jamus, in aka kawo shi nan zai yi ta aiki ba hutu a bazara, sanyin kuma bai kai ba. Mai shi ya ɗauka wani abu ne ya lalace, ya canja tamostat, ya ƙara gas, abu ya ƙi. Babu kayan gyaran da zai canja wa firiji aji. Abin da zai rage masa wahala shi ne a janye shi daga bango a bar tazarar tafin hannu, a raba shi da rana da murhu, a riƙa share ƙurar hunturu daga bututun bayansa. In za ku sayi wani nan gaba, ku nemi T ko ST.

Daidaita kaya

Ƙa'idar farko: ku tafi kasuwa da tsohon a hannu. Kafin a zare shi ku ɗauki hoton yadda wayoyi suke, wace kala a wace ƙafa. Yawancin kayan nan suna da tasu lambar a jikinsu, dabam da ta firijin.

Rile da obalod da kwamfaresa ake daidaita su. A duba yawan ƙafafu da lambar da ke jiki, obalod kuma ya zama daidai da ƙarfin injin. Wanda ya yi girma ba zai yanke wuta a kan lokaci ba, inji ya ƙone. Wanda ya yi ƙanƙanta zai yi ta yankewa ba dalili. In akwai kafasita, a nemo mai alƙaluma iri ɗaya da na tsohuwar. Tamostat kuma na firiji daban, na firiza daban. Firiji digiri 3 zuwa 5 ake so, firiza kuma 18 ƙasa da sifili, don haka in aka musanya su, ko tumatir ya daskare ko nama ya narke. A duba tsawon siririn bututun da ke jikinsa, kada a lanƙwasa shi da ƙarfi, kada kuma a yanke, don akwai gas a ciki. Fanka akwai mai cin wutar gida kai tsaye, akwai mai 12V da ke karɓa daga fanel. A duba tsawon sandarta da ɓangaren da take juyawa.

Robar ƙofa awo take so. A auna tsawo da faɗi daga kusurwa zuwa kusurwa ta waje, da santimita. Sannan a ɗaga leɓenta a ga yadda aka kama ta: wata a kwari ake danna ta, wata da sukuru, wata manne ta aka yi. In ta riga ta mutu, ku yanki ɗan guntu ku tafi da shi a gwada fasalin. Akwai masu yanka roba su haɗa kusurwa daidai awonku, kuma tana aiki in maganaɗisun cikinta na da ƙarfi. Sabuwar roba kan zo a murɗe. A jiƙa ta a ruwan ɗumi ta miƙe kafin a sa.

Kwamfaresa tana da sitikarta a jikin tulun. Kamfanin firiji sau da yawa sayo ta yake yi, shi ya sa za ku ga suna irin Danfoss, wanda ɓangarensa na injin firiji ya koma Secop a 2010, ko Embraco na Barazil, ko GMCC da Jiaxipera na Sin. In ba a sami lamba iri ɗaya ba, madadi na yiwuwa, amma sai gas ya zo ɗaya, wuta ta zo ɗaya, ƙarfi ya zo ɗaya. A kasuwa ana faɗin ƙarfin da doki: ɗaya bisa takwas, ɗaya bisa shida, ɗaya bisa biyar, ɗaya bisa huɗu. Kada a ruɗe ku da cewa babba ta fi sanyi. Ta fi cin wuta dai, kuma bututun firijin ba don ita aka auna shi ba. Kwamfaresar inbata da fanel ɗinta take tafiya, ba a sa mata madadi da ka. Duk ranar da aka canja kwamfaresa, a haɗa da sabuwar diraya, ɗan bututun jan ƙarfen da ke tace laima da datti, kuma a zuƙe iskar ciki da famfon zuƙa kafin a ɗura gas. Ku sa kuɗin waɗannan a lissafi tun farko.

Ina za a saya?

In firijin sabo ne, ku duba katin garanti kafin kowa ya kwance ko sukuru ɗaya, don taɓawar mai gyaran waje na soke garanti. Wasu kamfanoni na ba kwamfaresa garanti mai tsawo fiye da sauran jiki, wasu har shekara 10 a kan ta inbata. Kamfanoni irin Haier Thermocool da LG da Hisense da Samsung suna da wuraren gyara a manyan birane, lambar wayarsu na jikin katin. Fanel da na'urorin jin sanyi na firijin zamani, a wurinsu ya fi kyau a nema.

Sauran kaya kasuwa ce. A Kano akwai Sabon Gari, a Kaduna akwai Panteka, a Yamai akwai Katako, babbar cibiya kuma ita ce kasuwar Alaba a Legas, inda 'yan kasuwar Arewa da yawa ke saro kayan wuta. Kayan kashi huɗu ne: sabo na kamfani, sabo na gama-gari mai hawa firiji iri-iri, na kwance da aka cire daga mataccen firiji, sai jabu. Na kwance ba abin ƙi ba ne. Shelf na gilashi, akwatin kayan miya, hannun ƙofa, maratayin ƙofa, duk wurin 'yan kwance ya fi sauƙin samu, musamman na ɗan Beljiyam. Rile da tamostat da diraya kuwa sababbi za ku saya, don tsadarsu ba ta kai a yi caca da su ba.

Kwamfaresa ce ake yi wa kwalliya. Sabuwa tana zuwa bakin bututunta a toshe da roba, jan ƙarfen fes ba tabon walda, in aka zare toshiyar za a ji ɗan huci. Wadda aka wanke aka fesa wa fenti za ku gane ta: fentin ya hau gefen sitika, bakin bututu ya yi baƙi da wuta, ramin noti ya goge. Akwai kuma wadda aka yanka aka sake naɗa wayar cikinta aka mayar da walda. Ɗinkin tsakiyarta gurgunje yake, bai yi santsin na masana'anta ba. Ba laifi mutum ya sayi ta kwance in aljihu ya ce haka, laifin shi ne a sayar masa da ita a kuɗin sabuwa. A jona ta a shagon, mai gyara ya danne bakin bututun fita da yatsa: mai ƙarfi za ta ture yatsan. Sannan a yi sharaɗin kwanakin gwaji, a rubuta a rasit.

Kafin ku biya kuɗin kwamfaresa, ku haɗa lissafi duka: inji, diraya, gas, kuɗin aiki, kuɗin mota. In jimlar ta doshi rabin kuɗin sabon firiji, firijin kuma mai R12 ne ko ajin N, jikinsa ya fara tsatsa, a ganina gara a tara kuɗin a sauya.

Oda daga nesa

Wanda ke ƙaramin gari ba kullum zai sami abin da yake nema ba, sai ya aika Kano ko Legas, ko ya duba shagunan intanet irin Jumia da Konga da Jiji. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, to oda daga nesa sai da dabara. Ga misalin yadda za a yi magana da mai shago ta waya.

Mai saye: Salamu alaikum, Alhaji. Barka da kasuwa.

Mai shago: Wa alaikumus salam, Hajiya, barka kadai. Me ake bukata?

Mai saye: Kwamfaresa nake nema. Na turo maka hoton sitikarta da ta firijin ta WhatsApp.

Mai shago: Na gani. Wannan lambar babu ita yanzu, amma akwai wadda ke hawa. Duk ɗaya ne.

Mai saye: Ta wane gas ce?

Mai shago: Ta 134 ce.

Mai saye: Ai nawa 600 ne, Alhaji, ga shi nan a rubuce.

Mai shago: Haka ne kuwa. Bari yaro ya duba sito. Yauwa, akwai ta 600, ɗaya bisa shida.

Mai saye: Sabuwa ce ko ta kwance?

Mai shago: Sabuwa dal, ranki ya daɗe.

Mai saye: To ka turo min hoton sitikarta da bakin bututun. In mai gyarana ya ce ta yi, zan ba da kafin alƙalami, sauran in ta iso. A rubuta lambarta a rasit, da sharaɗin in ba ta tashi ba za a canja.

Mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce tana hawa: ƙafafunta za su zauna a mazaunin tsohuwar, noti ya shiga. Tambayar gas ce ta hana asara, Hajiya kuma ta iya tambayar ne don ta karanta sitika. Ku lura kuma ta nemi hoton ainihin abin da za a aiko mata. Hoton talla da aka ɗauko daga intanet ba ya nuna abin da ke cikin shago.

In za ku tura kuɗi ta banki, ku duba sunan asusun ya dace da na shagon ko mai shi, kuma ku ajiye shaidar biya. Inda aka yarda a biya bayan kaya sun iso, ku zaɓi haka. In ta tasha za a sa kayan a mota, ku karɓi lambar direba da ta mota, ku ji wa zai biya kuɗin ɗauko. Kwamfaresa na da mai a cikinta, don haka a tsaye za a ɗaure ta, a yi alamar sama a jikin kwalin. Robar ƙofa kada a naɗe ta ƙanƙan, kusurwarta ke karyewa. Oda daga ƙasar waje kan ɗauki makonni, mayarwa kuma da wuya, don haka ta fi dacewa da ƙananan abubuwa masu tabbatacciyar lamba, irin fanel ko na'urar jin sanyi da aka rasa a gida.

In kaya sun iso, ku buɗe a gaban wanda ya kawo in da hali. Ku jera sabon da tsohon, lamba da lamba, ƙafa da ƙafa, kafin a sa. Da zarar an yi wa kwamfaresa walda ko an yanke wayar fanka, da wuya mai shago ya karɓa. Bayan gyara ku karɓi tsohon kayanku, naku ne, kuma shi ne shaidar cewa an canja. A Najeriya akwai hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa don kare haƙƙin masu saye, amma ko a can ko a wurin shugabannin kasuwa, rasit za a fara tambayar ku. Sannan ku tuna da abin da ya kashe tsohon. In raunin wuta ne, sabon ma zai bi shi, sai an sa sitabilaiza ko na'urar da ke jinkirta kunna firiji na 'yan mintoci bayan an dawo da wuta.

Aikin yi

1. Ku nemo sitikar firijin gidanku ko na maƙwabta. Ku kwafo lambar samfuri, irin gas da nauyinsa, ƙarfin wuta da ajin yanayi, ku kawo aji.

2. Firijin wata mai sayar da zoɓo yana gurnani ya yi "ƙas" duk bayan 'yan mintoci. Mai gyara ya ce a kawo kuɗin kwamfaresa. Waɗanne abubuwa za ta ce a duba tukuna, kuma wanne za a fara?

3. An rubuta R600a, 220–240V, 50Hz, ajin N a jikin wani firiji da ke Sakkwato. Mai shi na kukan ba ya sanyi sosai a watan Afrilu, amma da hunturu lafiya lau. Me za ku gaya masa?

4. Ku rabu biyu-biyu, ɗaya mai shago ɗaya mai saye, ku yi odar robar ƙofa ta waya. Mai saye ya faɗi awo da yadda aka kama robar, mai shago kuma ya rubuta rasit mai ɗauke da kwanan wata, sunan kaya, awo, kuɗi da sharaɗin canji.